Ummi, Ni Ne Na Jera Ringin Injin Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan mahaifiyata.

Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sauke kaya, kin yi salla kin miƙe ƙafa. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin da muke gani da wanda ba ma gani. Na ba Innarki takardar na ce ta cusa ta a gefen ƙullin garin kunu, don na san can hannunki zai fara zuwa kafin ya je ga littattafai.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzun nan kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na ari biro. Innarki ta gaya mini kin ce in kika je yin rajista za ki roƙi a sauya miki fanni, ki bar karatun injuna ki koma wanda ba a taɓa sifana. Ta ce dalilinki Kwaɗo ne, babur ɗin nan namu, wai sau ɗaya hannunki ya shiga cikin inji ya kashe shi, don haka gara ki san matsayinki tun da wuri. To, kafin ki sa hannu a kan kowace takarda, ki karanta tawa har ƙarshe. Kin dai san Babanki, ba ya shiga magana kai tsaye sai ya zagaya, sai ki yi haƙuri da ni.

Kina ƙarama na kawo shi, ban sani ba ko kina tuna ranar. Wata babbar gona ce a wajen Watari aka tashe ta, suka fito da tarkacensu, na hango babur mai ƙafa huɗu da tayoyi ɓul-ɓul a yashe a gindin bishiya. Da na shigo gari a kansa sai da aka fito kallo. Alhaji Ɗanjuma, abokin zamana a majalisa, ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Malam Isiyaku, wannan babur ne, ko kuwa mota ce ba ta gama girma ba?" Yara ne suka sa masa Kwaɗo saboda yadda yake tsallake kunyoyi da kwazazzabai. An yi dariya, amma da damina ta sauka hanyar fadama ta zama taɓo, shi kaɗai yake shiga ya fito. Shi ya riƙa fito mana da kwandunan tumatir zuwa bakin titi, da kaka kuma ya kai buhunan gero inda motar Dawanau take lodi.

Ya yi mana shekara biyu yana bauta, sannan ya fara tari. Hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa, baƙin mai kuwa shan sa yake kamar kunun zaƙi. Na kai shi Tofa wurin Malam Bukar, makaniken nan da kakanninsa suka zo daga Barno, wanda ba ya magana sai ya ga dama. Ya saurari injin, ya cire fulogi ya duba, ya ce saman injin ne ya gaji, sai an buɗe an sabunta fistin da ringinsa, an gyara bawul. Ya ce in bar masa shi mako biyu don aiki ya yi masa yawa. Na ce a raina, mako biyu? Ni da nake kwance injin ban-ruwa in mayar tun kafin a haife ki? Na hau abina na dawo gida.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zage na fara kwancewa. Duk notin da na ciro, dogo ne ko gajere, sai in wurga shi cikin faifan Innarki da na tarar a jingine. Ban tambaye ta ba, ban kuma tsaya na kalli daga inda kowanne ya fito ba. Aka kira la'asar na tafi masallaci. Da na dawo sai na ga faifai a hannunta tana bakace. Na ce, "Ina kayan da ke ciki?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Tsakuwar taka? Tana cikin gwangwani, Malam. Wadda ta zube kuma na share." A cikin abin da ta share akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar farce, wanda yake riƙe sandar fistin. Kwana uku ina tsugune a kan bola ina tankaɗe shara da rariya, kaji suna taya ni, Innarki tana wucewa tana yi mini sannu da aiki.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, kafin ki kwance abu ki tsaya ki ƙare masa kallo yadda yake, ki tanadi inda za ki ajiye kowane yanki nasa. Kuma kayan mutane, ko cokali ne, ki tambaya kafin ki ɗauka. Yanzu ɗaki ɗaya za ki zauna da 'ya'yan wasu, kowacce da irin tarbiyyar gidansu, kuma yawancin faɗan da ake yi a irin wannan zama daga bokiti da sabulu yake farawa.

Da na zo mayarwa sai na ga gaskit ɗin da ke tsakanin silinda da kan inji ya yage. Ya kamata in tashi in je Kano in nemo sabo. Amma na tuna a injin ban-ruwa na sha yanka kwali in sa a murfi, ya zauna lafiya lau. Sai na samo kwalin taliya, na ɗora tsohon a kai na zana, na yanke da rezar aski, na shafe shi da giris. Ni kaina sai da na yaba wa kaina. Injin ya tashi kuwa, na fito ina ɗaga wa mutane hannu. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masallaci ya kai ni, sai na ji fuuu, ga ƙaurin takarda ya turnuƙe. Ashe wurin da na saba sa kwali ruwa ne kawai yake bi, nan kuwa wuta ce take ci a ciki. Alhaji Ɗanjuma ya ce tunda an dafa kwalin saura a kawo taliyar.

Ummi, dabarar da ta yi miki aiki a wuri ɗaya kada ki ɗauka za ta yi a ko'ina. Abin da kika sani a ƙauyenmu kin san shi, amma can wani wuri ne daban. In abu ya shige miki duhu ki buɗe baki ki ce ba ki sani ba, ko da kuwa duk ajin za su juyo su kalle ki. Da na tsaya minti biyu na tambayi Malam Bukar, da ban turo Kwaɗo da hannu a gaban jama'a ba.

Kuskurena na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai na ji kafaɗata ta amsa. Na je na samo gaskit na gaske, na ce wannan karon ko iska ba za ta fita ba. Na ɗaure notin farko tamau kafin in taɓa sauran, na ga kamar bai isa ba, na zura bututun ban-ruwa a jikin sifana don in ƙara tsawo, na danna da irin ƙarfin da nake danna garma. Sai ji na yi ƙas, na tafi da baya na zauna cikin kwanon wanke-wanke. Ƙusar da nake ɗaure notin a kanta ta karye a cikin jikin inji. A amalanke muka kai shi Tofa, shanu suna jan babur. Malam Bukar ya kalli karyayyar ƙusa, ya kalli damtsena, ya ce, "Malam Isiyaku, inji ba saiwar kuka ba ce." Shi ya nuna mini cewa kan inji kaɗan-kaɗan ake ɗaure shi, a taɓa wannan noti a tsallaka a taɓa na ɗaya kusurwar, a yi ta zagayawa har su zauna daidai gaba ɗaya. Mako biyun da na raina sai da ya zama wata biyu.

Wannan kuwa ke na fi ji wa, don zuciyata kika ɗauko kaf. In ranki ya ɓaci so kike a gama magana yanzu-yanzu, a wuri ɗaya. Ki riƙa sassautawa. In kin saɓa da wata, ki faɗi kaɗan ki bari, ki dawo gobe ki ƙarasa. Ni na sha danne magana da ƙarfi har ta karye, kuma ciro karyayyiyar ya fi ɗaurawar wuya nesa ba kusa ba.

To, na gama zagaye. Yanzu ga abin da ya sa na rubuto.

Ranin da ya wuce Kwaɗo ya sake fara hayaƙi, wannan ma laifina ne, don na riƙa jan ƙafa wajen sauya masa baƙin mai. Kin gama sakandare lokacin, kina fama da littafin injunan nan da malaminku ya ara miki, da bidiyoyin da kike kallo a waya. Kika same ni ina alwala kika ce, "Baba, ka bar ni in gwada mana." Na ce to, a raina ina cewa bari dai ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Sai na ga aikin da ban taɓa gani ba. Kika samo tiren ƙwai, kowane noti da raminsa, kika rubuta a gefe daga inda ya fito. Kafin ki cire komai sai kin ɗauke shi hoto. Kika share ƙasa kika yayyafa ruwa, kika ɗaure awaki da kanki. Kika zauna kina murza bawul a mazauninsa tsakanin tafukanki kamar mai burka miya, har ya yi sumul. Ina zaune a kujera ina kallo, ina jin daɗi har cikin raina. Amma gaskiya sai na faɗe ta, akwai wani ɗan abu da yake sukata a ƙasan daɗin. Kwana biyu ana aiki a gidana, a kan babur ɗina, ba a nemi shawarata ko sau ɗaya ba.

Kin san ni da layi. Duk faɗin yankinmu ba wanda zai ce kunyoyin gonarsa sun fi nawa miƙewa. Mahaifina da igiya ya koya mini huɗa, in layi ya karkace sai na rushe na sake, ko da rana ta take. Har yau in na wuce gonar da aka yi wa huɗar ganin dama sai na ji kamar in shiga in gyara. Buhuna in na jera, bakinsu wuri ɗaya yake kallo. Takalman masallaci ma kin sha ganina ina daidaita su da ƙafa.

Ran nan kin sa sabbin ringi a jikin fistin, saura a zura silinda, sai aka kira azahar. Kika rufe wurin da tsumma kika shiga ɗaki. Ni na riga na yi alwala, na ce bari in leƙa kafin a tayar. Na ɗaga tsumma. Kowane ringi yana da 'yar tsaga inda bakinsa biyu suke haɗuwa, sai na ga tsagar wannan ta kalli gabas, ta wancan ta kalli yamma, ta ƙasa kuma ta kama gabanta. Na ce, af, ga inda yarinta ta fito. Duk tsabtar aikin nan, an zo wurin jeri an watsar. Na sa farcen babban yatsa na juya su ɗaya bayan ɗaya har tsagogin suka hau layi ɗaya ɗoɗar, gwanin sha'awa. Don in ba ki mamaki kuma sai na ɗauki silinda na zura da kaina. Ta ɗan cije a hanya, na buga mata tafin hannu ta shige. Na tafi masallaci ina jin na yi abin kirki.

Da na dawo kika fito, na ce, "Na rage miki aiki, na sa silinda." Kika ce, "Baba, ba ka dai taɓa komai ba ko?" Na ce, "Me zan taɓa?" Kika ɗora kan inji, kika daidaita kaca, kika ɗaure notuna a tsallake kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya gaya miki ba.

Sauran kin san shi. Mutanen majalisa sun taru a ƙofar gida don su ga injin da mace ta haɗa. Ya tashi, amma hayaƙin da ya yi ya fi na da, kuma ko ɗan tudun bayan gida ya kasa hawa. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a mayar da ke wurin murhu, can hayaƙi yake da amfani. Na ga kin tattara sifanu kin goge su ɗaya-ɗaya kin zuba a jaka, kin shige ɗaki. Tun daga ranar ban sake ganin littafin nan a hannunki ba.

A lokacin ban san ni ne ba, Allah Ya sani. Na sani ne bayan kwana huɗu, a garejin Malam Bukar. Ya zare silinda, ya kalli ringin, ya ce, "Wa ya jera waɗannan kamar sahun salla?" Ya nuna mini cewa da gangan ake karkasa tsagogin, kowacce ta kalli wani gefe, don kada iska da mai su sami hanya miƙaƙƙiya su wuce. Ya kuma nuna mini ringi ɗaya da ya tsage, wurin da na buga tafin hannu ke nan. Ga mutane zaune a benci suna jiran aikinsu, duk sun zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "Yarinya ce, ka san koyo take."

Malam Bukar ya ɗauki kan injin ya juya shi, ya zuba kananzir a kan bawul ɗin da kika murza, ya jira. Ko ɗigo bai wuce ba. Ya ajiye ya ce, "Hannun da ya yi wannan ba shi ya yi wancan ba." Ringi kaɗai ya sauya, duk sauran aikinki bai taɓa ba. Kwaɗon da yake ta zirga-zirga yau, da aikin hannunki yake yawo.

Na dawo gida da niyyar in gaya miki. Na tarar kina tsince shinkafa, na ce bari sai an ci abinci. Aka ci, na ce sai gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata, abin kullum ƙara nauyi yake a bakina. Na riƙa rarrashin kaina da cewa ai yarinya ce, ta manta. Har da takardar makaranta ta zo na ga an ba ki fannin injuna, na ce shi ke nan, Allah Ya rufa mini asiri. Sai da Innarki ta gaya mini abin da kike shirin yi na gane ba ki manta ba, kullum da shi kike kwana kike tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da kowa ba sai da ni.

Duk kurakuran da na lissafa miki a baya na dariya ne, ƙarfe kawai suka ɓata. Wannan na ƙarshe mutum ya taɓa, mutumin kuma 'yata ce. Shawarar da ke cikinsa ba ta da tsawo. In kin yi kuskure ki faɗe shi a ranar, tun yana da sauƙin ɗauka. Kada ki taɓa jingina laifinki a kan wanda ba ya wurin, balle wanda yake ƙasa da ke, wanda ba zai iya buɗe baki ya musa ba. Kuma in abu ya lalace a hannunki, kafin ki yanke wa kanki hukunci ki buɗe ki duba da idonki. Da kin zare silindar nan da kanki, da tuni kin kama ni.

Ranar Juma'ar nan bayan an sauko, na tsayar da mutanen majalisa a gindin darbejiya, duk waɗanda suka yi dariya ran nan. Na ba su labari tun daga farcen yatsa har zuwa garejin Tofa, ban rage komai ba. Alhaji Ɗanjuma ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce daga yau sunana Sarkin Layi, kuma ga dukkan alamu sunan ya zauna, don jiya mai shayi ma da shi ya gaishe ni. Wanda ya yi maganar murhu kuwa ya sunkuyar da kai ya ce in ba ki haƙuri. Innarki da na gaya mata cewa ta yi, "Ai ni tun ranar na ga tsumman ba yadda ta rufe shi yake ba, jira nake in ga yaushe za ka gaji da ɗauka." A gaban mutane goma sha na iya faɗa, amma da kika durƙusa da daren nan kina yi mini sallamar tafiyar gobe na buɗe baki sai addu'a kawai ta fito. Shi ya sa kika ga takarda.

Ba zan ce dole ki karanta injuna ba. In kin duba zuciyarki kin ga wani fannin kike so, ki sauya, albarkata tana tare da ke ko'ina kika nufa. Amma in don Kwaɗo ne, to ki sani ba ki taɓa kashe inji ba. Sau ɗaya kika haɗa, kuma daidai kika haɗa shi. Ni ne na ɓata, na kuma bar ki da laifin kusan shekara guda.

Ki yafe mini, Ummi. Uba ba ya son faɗar wannan kalma ga 'yarsa, amma sunan uwata gare ki, ita kuwa na saba durƙusa mata.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa hannunki ya zama mai gyara duk abin da ya taɓa. Ya tsare mutuncinki da addininki da lafiyarki, Ya kai ki inda ba mu kai ba, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki riƙa kiran Innarki. In kin gama rajistar, ni ma ki kira ni ki gaya mini abin da kika rubuta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Isiyaku